Littafin yara a kan yarinyar da iyayenta ke gidan yari: ya dace kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a nan Sakkwato, ina koyarwa a aji 5 da 6 ta wajen Mabera. Na fara rubuta ƙagaggen labari don yara 'yan shekara 9 zuwa 13, a kan wata yarinya 'yar shekara 11 da aka tsare uwarta da ubanta a gidan yari. Ta koma hannun gwaggonta, ta zama fitinanniya: faɗa, ƙarya, ɗauke-ɗauke. Abokan aikina sun ce wannan ba labarin yara ba ne, tonon asiri ne, kuma zai koya wa yara rashin kunya. In ci gaba ko in bari? In zan ci gaba, in mai da iyayen marasa laifi don a tausaya mata? Yaya kuma zan ƙare shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ci gaba, kada ki ajiye alƙalami. Na daɗe ina duba rubutun marubuta kafin ya tafi ɗab'i, kafin nan kuma na riƙe alli kamar ke, don haka na san irin wannan magana ta abokan aiki, na kuma san ba mugunta ke sa su faɗe ta ba. Sai dai cewa labarin ya yi wa yara nauyi hujja ce mai rauni. Wace tatsuniya kakanninmu suka yi mana da dare wadda babu marainiya a ciki, ko 'yar bora da ake gallaza wa, ko dodon da ya hana gari ruwa? A Islamiyya da wajen tafsirin azumi yaro yana jin ƙissar Annabi Yusuf: 'yan'uwa sun jefa ƙaninsu rijiya, an sayar da shi, an yi masa ƙage, ya yi shekaru a kurkuku, uba ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Ba wanda ya taɓa cewa a toshe wa yara kunne in an zo wurin. Maganar tonon asiri kuwa tana da ƙanshin gaskiya, zan zo kanta.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne inda zuciyar labarin take. Yawancin masu fara irin wannan rubutu sukan ruga cikin gidan yari, su yi ta bayanin ƙofar ƙarfe da gandirobobi da gabza. Yarinyarki ba a can take kwana ba. Tana tsakar gidan gwaggo, inda manya suka haɗa baki suka ce mata "sun yi tafiya". Wannan ƙaryar, da shirun da ke biye da ita, su ne suka fi cin yaran nan, kuma su ne za su riƙe miki littafin daga farko har ƙarshe. Manya ba da mugun nufi suke yi ba. Rufin asiri suke nema, suna gudun abin da maƙwabta za su ce, suna kuma tunanin ranar da za a zo neman aurenta a fara binciken asali. Amma 'yar shekara 11 a unguwa irin tamu ba a ɓoye mata abu ya ɓoyu. Za ta ji a wajen niƙa, ko a bakin famfo, ko daga bakin wata da suka yi faɗa a makarantar allo. Daga ranar kayanta sun zama biyu: ta sani, kuma dole ta nuna ba ta sani ba, don kada ta kunyata waɗanda suka yi mata ƙaryar.

Ki auna halinta da na marainiya, za ki ga abin da nake nufi. In uba ya rasu ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su yi ta zuwa gaisuwa, a yi addu'a, a yi sadaka. Kowa ya san ladan shafa kan maraya, kowa na son ya samu. Yarinya tana da izinin yin kuka a gaban jama'a, malamin aji ya sassauta mata, da salla wani ya tuna da ita ya aiko da atamfa. 'Yar fursuna ta rasa uwa da uba a rana ɗaya, amma ba mai zuwa yi mata jaje, ba ta da ranar makoki, ba ta ma da izinin ambaton sunansu da ƙarfi. Ba su mutu ba balle ta haƙura, ba sa nan balle ta jingina da su. Wata masaniyar halayyar iyali a Amurka, Pauline Boss, tun shekarun 1970 ta yi nazarin irin wannan rashi marar tabbas, ta nuna yadda yake hana mutum sakewa domin ba shi da ranar ƙarewa. Mu nan mun san shi ba sai an ba shi suna ba, a gidajen da aka sace wani ba labari, da gidajen da uba ya tafi ci-rani ya yi shiru.

Ga misalin yadda za ki nuna wannan ba tare da kin yi wa'azi ba. Gwaggo na tankaɗen gari, yarinya na tsaye jikin ƙyauren ɗaki:

"Gwaggo, yaushe Baba za shi dawo?"

"Na ce miki ya tahi Ikko biɗar kuɗɗi. Ki bar damuna."

"To Inna hwa? Ita ma Ikko tat tahi?"

Gwaggo ta tsaya da tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba. "Ɗauko min murhin kwanon can."

Ba sai kin ce yarinya ta gane ba. Mai karatu ɗan shekara 10 ya gane, domin shi ma an taɓa aikensa ɗauko abu don a kashe maganarsa.

Yanzu batun fitinarta. Tsoron abokan aikinki cewa yara za su kwaikwayi rashin kunya yana tabbata ne kawai idan kika sa fitinar ta zama abin sha'awa, ko kika bar ta ba dalili. Kowace ɓarna da za ta yi, ki san daga ina ta taso, ko da ba ki faɗa wa mai karatu kai tsaye ba. Ta ɗauki naira ɗari biyu a ƙarƙashin katifar gwaggo. Me za ta yi da su? In alewa ta saya, kin rubuta ɓarauniya. In ta ƙulle su a bakin zane tana tarawa saboda ta ji manya na cewa kuɗin beli ne ya gagara, kin rubuta yarinya. Ta fasa wa wata baki a makaranta, amma sai bayan an kira ta ɗiyar ɓarawo a gaban 'yan aji. Tana ƙarya cewa babanta direban babbar mota ne yana Kwatano, to ai manya ne suka koya mata cewa haka ake yi. Akwai kuma alamun da ba su da hayaniya, waɗanda marubuta kan manta: fitsarin kwance ya dawo wa yarinyar da ta daɗe da dainawa, ɓoye ragowar tuwo, ciwon ciki kullum da safe lokacin tafiya makaranta, firgita in an buga ƙofa da ƙarfi ko mota ta tsaya a ƙofar gida. A gidajenmu sau da yawa daga nan sai a ce iska ne, a nemo mai ruƙiyya, ko a ce taurin kai ne a nemo bulala. Ki nuna duka biyun yadda suke faruwa, ba tare da kin yi wa kowa ba'a ba.

Akwai wani abu guda da zan ba ki shawarar ki binne a tsakiyar littafin, ki tono shi a hankali. Yara kan ɗauka su ne sanadin masifar da ta faɗa wa gida. Ki sa ranar da aka zo kamun ita ce ta buɗe ƙofa. Baƙi suka yi sallama da ladabi, suka ce "ina babanki?", ita kuwa da tarbiyyar da aka yi mata ta ce yana ciki, har ta shiga ta kira shi. Tun ranar take ganin da hannunta ta miƙa shi. Ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda ya yi tunanin ya ce mata ba laifinta ba ne, domin ba wanda ya san tana ɗauke da wannan. In kika riƙe wannan sirrin har kusa da ƙarshe, duk faɗan da ta yi a baya sai ya sake ma'ana a idon mai karatu. Ba kuma sai kin wanke ta ba. In ta cuci wata, ta biya, ta ba da haƙuri, ta ji kunyar abin. Yara masu karatu suna da tsananin son adalci, ba sa yarda a bar mai laifi ya tafi haka nan don kawai shi ne tauraron labari.

Gwaggo kuma kada ki mai da ita muguwar tatsuniya, wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi arha. Ki ba ta nata nauyin. Tana da 'ya'yanta, mijinta ya karɓi riƙon ne a kan dole, kwanon abinci bai ƙaru ba amma baki ya ƙaru, ita ke zirga-zirgar kotu da kuɗin kabu-kabu daga ribar ƙosai ko ƙulle-ƙullen kayan miya. Ɗan'uwanta ne a tsare, ita ma tana cikin kunya da fushi. In ta ɗora wa yarinya talla, ki nuna lissafin da ya kai ta ga haka. Yarinya kuwa a kanta za ta sauke duk haushinta, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma uwar da ke tsare ba ta kusa balle a yi mata tsiwa. Akwai ma rigimar da za ta ba ki babi guda kyauta: wa ya fi cancanta da riƙon? A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da ake karantawa a zaurukanmu, reno bayan uwa yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. A aikace kuwa dangin uba kan ce ɗiyarsu ce. Ki sa kaka tana can ƙauye, a ce wajen Wurno ko Bodinga, tana son a ba ta yarinyar, dangin uba sun hana, kowa na ganin ɗan ɗaya ɓangaren ne ya ja nasa cikin masifa.

Sai batun shari'a, inda nake ganin rubuce-rubuce da yawa suna zamewa. A fim, yau a kama mutum, gobe alƙali ya buga guduma ya ce shekara goma. A zahiri ba haka abin yake ba. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya kan fitar sun daɗe suna nuna cewa wajen mutum 2 cikin kowane 3 da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Ana iya kai mutum kotun majistare da tuhumar da ta fi ƙarfin kotun, alƙali ya ce a ajiye shi har a sami shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta. Ana iya ba da beli amma a ce sai an kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai takardar fili a cikin gari, talaka ya rasa mai tsaya masa. A je kotu a ce shaida bai zo ba, an ɗage. A koma a ce alƙali na hutu, an ɗage. Ga marubuciya wannan ya fi hukuncin shekara goma amfani, domin wanda aka yanke wa hukunci ana ƙirga masa kwanaki, mai jiran shari'a kuwa ba abin ƙirgawa. Ki sa yarinya ta koyi kalmar "an ɗage" daga fuskar gwaggo tun kafin ta buɗe baki.

Ki kuma sani mata kaɗan ne a gidajen yarin ƙasar nan, wajen kashi 2 cikin 100 na waɗanda ke tsare. Saboda haka a tsare uwa da uba lokaci guda ba abu ne na kullum ba, sai kin gina masa dalilin da zai shiga hankali. Hanyoyin da suka fi kusa da rayuwarmu: uba na sayar da ƙwaya, jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi suka sami kayan a ɗakin uwa. Ko kuɗin mutane na adashe ko na haɗin gwiwar kasuwanci suka salwanta a hannunsu, aka yi ƙarar cin amana. Ko aka zo neman miji ba a same shi ba aka tafi da matar, daga baya shi ma ya shiga hannu. Wannan na ƙarshe doka ta hana shi ƙarara: sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ce ba a kama wani a madadin wanda ake nema. Tun kafin dokar ma, a cikin ƙissar da na ambata, da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu, ƙi ya yi, ya ce yin haka zalunci ne. Akwai kuma zargin kai wa 'yan bindiga bayanai ko kaya, wanda mutanen gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, suka sani sarai. Ni dai ba zan ba ki shawarar ki ɗauko shi a littafin farko ba. Raunin bai warke ba, kuma zai janye labarin daga kan yarinya ya mai da shi wani abu daban.

A takarda yaran nan suna da kariya. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 30, ta ce in za a hukunta mai ciki ko uwar ƙananan yara a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba. A 2007 kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke cewa dole alƙali ya duba makomar yara kafin ya ɗaure wanda ke renonsu. Dokar 2019 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda ta sauya wa hukumar gidajen yari suna da tsari, ta shigo da hukunce-hukunce irin su yi wa al'umma aiki maimakon zaman kaso. Jihar Sakkwato ma ta yi dokar kare yara a 2021. Duk wannan ke ya kamata ki sani, ba mai karatunki ba. Kada ki sa wani lauya ya tsaya yana karanto sashe-sashe a cikin labarin yara. Abin da zai fito a shafi shi ne, ranar kamu ba wanda ya waiwaya ya ce wa zai kula da yarinyar, sai maƙwabciya ce ta ja hannunta.

To, in mai da iyayen marasa laifi? Ra'ayina, a'a. Aƙalla ba duka biyun ba. Na san abin da ke jan ki: in ƙage aka yi musu, tausayi ya zo da sauƙi, ƙarshe ma ya zo da sauƙi, gaskiya ta yi halinta kowa ya koma gida. Amma ki tuna wa kike rubuta wa. A cikin yaran da za su karanta akwai wadda ubanta ya aikata abin da aka kama shi a kai, ta kuma sani. In littafinki ya ce ana tausaya wa 'yar fursuna ne kawai idan ubanta mai gaskiya ne, kin sake rufe wa wannan yarinyar ƙofa. Tambayar da ke cin ta ita ce: ya halatta in ci gaba da son mutumin da ya yi abin kunya? Littafinki ya amsa mata da i, ta hanyar labari. Ki sa uban ya yi laifin, kuma shi ne dai mutumin da yake goya ta a babur ya kai ta kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, yake sayo mata balangu in ya samu. Duka biyun gaskiya ne, ki bar su su zauna tare. Ki kuma bar wanda aka cuta ya bayyana, ko sau ɗaya. In kuɗin adashe ne, ki sa ɗaya daga cikin matan da kuɗinsu ya salwanta uwar ƙawarta ce, wadda da kuɗin za ta yi wa babbar ɗiyarta kayan ɗaki. Uwar yarinyarki kuwa ki bar lamarinta da ɗan duhu: ta sani ta yi shiru, ko ba ta sani ba? Yarinya ma tana wannan tambayar.

Babin ziyara shi ne zai fi ba ki wahala, shi ne kuma za a fi tunawa. Kada ki rubuta shi daga fim. Ki nemi izini ki je ki ga yadda ake yi, ko ki zauna da matar da ta saba kai abinci ta ba ki labari dalla-dalla. Za ki ji yadda ake rubuta suna a ƙofa, a ajiye waya, a caje mutum, a buɗe kular abinci a ce wanda ya kawo ya ɗanɗana tukuna. Ki sa a watan Afrilu ne, zafin Sakkwato ya kai inda ya kai, yarinya ta rungumo kular a bayan kabu-kabu tana ƙona mata cinya. Sati guda tana shirya abin da za ta faɗa. Da aka fito da uwar ta ga ta rame, ga ƙaninta na goye, wanda aka bari tare da uwar saboda yana shan nono, ya ƙi yarda ta ɗauke shi domin ya manta ta. Uwa ta ce, "Kina zuwa makaranta?" Ta ce, "I." "Kina jin maganar gwaggonki?" "I." Shi ke nan, lokaci ya cika. Duk abin da ta tanada ta komo da shi gida, da yamma ta lakaɗa wa ɗan gwaggo duka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gandirobobi kuma ki bar su mutane: wata mai tsawa, wata da ta kau da kai ta ƙara musu minti biyu.

Wani abu da za ki yi yaƙi da shi a cikin littafin shi ne maganar gado. Za a ce mata barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma duk ranar da ta ɗauki wani abu sai a ce ai ga shi nan. Ita kanta za ta fara yarda. Binciken da aka buga a Amurka a 1998 kan wahalhalun ƙuruciya, wanda daga baya ya haɗa mutum sama da 17,000, ya lissafa ɗaure wani na gida cikin abubuwan da ke barin tabo har girma. Amma abin da irin wannan bincike ke nunawa ƙarin haɗari ne, wanda talauci da tsangwama da barin makaranta ke hurawa, ba wani abu a cikin jini ba. Masu nazarin yara kuma sun daɗe da lura cewa babban abin da ke tsamo yaro shi ne samun babba ko guda ɗaya da ya tsaya masa ba ya gajiya. Addini ya riga ya yanke magana a nan: ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani ta maimaitu a surori da dama, kuma a hudubar Hajjin Bankwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ba a kama ɗa da laifin uba. Ki ba yarinyarki wannan babba guda. Sai dai ina roƙonki kada ya zama malamar aji mai kama da ke, wadda ta san komai ta gyara komai. Tsohuwa mai sayar da fura a zaure ta fi, wadda ba ta tambaye ta komai ba, ta dai ba ta aikin dama da wurin zama, har ranar da yarinyar ta buɗe baki da kanta.

Ƙarshen labari kuwa, ki guji Alhajin da zai faɗo daga sama ya biya komai ya ɗauke ta zuwa gidan bene. Akwai ƙofofi na gaskiya da za ki iya bi. Babban alƙalin jiha kan kai ziyara gidajen yari ya sallami waɗanda suka daɗe ba shari'a. A watan azumi gwamnati da masu hali kan biya wa wasu tara ko bashi. Akwai hukumar tarayya mai ba talaka lauya kyauta tun 1976, akwai ƙungiyar mata lauyoyi. Ta ɗaya daga cikin waɗannan uwa za ta iya fitowa, uba kuma a yanke masa hukunci, wanda ga yarinya wani irin sauƙi ne tunda yanzu akwai ranar da za a ƙirga. Fitowar uwa ma kada ki mai da ita biki. Ta dawo ba jari, an tashe su daga gidan haya, wasu mata sun daina gayyatarta suna, yarinya kuma ta saba da rashinta har tana jin nauyinta. Abin da ya kamata ya canza a babin ƙarshe shi ne an daina yi mata ƙarya, ita ma ta faɗi abin da ta ɓoye game da buɗe ƙofa, wani babba ya ce mata ba ita ta jawo ba.

Harshe: ki yi bayanin labari da daidaitacciyar Hausa don a karanta shi a Kano da Zariya da Maraɗi, amma ki bar mutanenki su yi magana da Sakkwatanci, kaɗan-kaɗan yadda ba zai tare mai koyon karatu ba. Babi ya zama gajere, wanda za a karanta a ƙare kafin a kaɗa ƙararrawa. Kin fi ni sanin cewa a aji 5 akwai waɗanda har yanzu suke haɗa baƙi da ƙyar. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Sakkwato da Bauchi ya samar wa 'yan aji 1 zuwa 3 abin karantawa da Hausa, amma daga nan yaro sai ya tsallaka zuwa littattafan manya, tsakanin kusan fayau yake. Nan littafinki zai zauna.

Na ce zan dawo kan tonon asiri. In wata ɗalibarki ce ta sa kika fara wannan rubutu, kuma ina kyautata zaton haka ne, to ki canza komai: unguwa, laifin, yawan 'yan'uwa, sana'ar mai riƙo, har kamanni. Garin nan kowa ya san gidan kowa, alama ɗaya ta isa a ce ai gidan su wance ne. In za ki gwada karanta wa 'yan aji, kada ki kalli wajen da take, kada kuma ki tambaya ko akwai wanda irin haka ta same shi. In wani yaro ya biyo ki bayan an tashi ya faɗa miki nasa, ki saurara, kada ki yi masa alƙawarin za a saki kowa, kada kuma maganar ta kai ofishin malamai. Kafin ki kai wa mai ɗab'i, ki ba lauya mai zuwa kotun majistare ya duba miki babin shari'a, ki ba wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta duba babin riƙo. In kin gama babi uku na farko ki turo mini in gani, musamman na ranar da aka zo kamun. Allah ya yi jagora.